Daga Nima zuwa Legon: abin da jami'a ke ajiyewa a sito

Mutanen zango ba su cika cewa Akra ba, Ankara suke cewa, kuma a Nima, unguwar zango a cikin birnin, gari kan waye da ƙamshin koko da ƙosai. Dattijon da ya sauke ni, tsohon ɗan kasuwar goro ne, yana zaune kan buzunsa a bakin zaure lokacin da na fito da jakata. Ya ce, "Ɗana, ina zuwa da sassafe haka?" Na ce, "Baba, Legon za ni, ɗakunan kayan tarihi na jami'a." Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Wajen gumakan nan? To, Allah ya kiyaye hanya." Haka mutane da yawa ke kallon irin waɗannan wurare, daga Kano har Ankara, shi ya sa ban ja maganar ba. Na dai ce masa in na dawo zan ba shi labarin abin da na gani, har da rubutun malamansa.

Hanyar ba ta da wuya. Daga Nima mutum zai hau trotro, wato ƙaramar bas ta haya, zuwa tashar 37, can ya nemi motar Madina ko Adenta. Za a wuce ta gefen filin jirgin sama, a bi ta babbar mahaɗar Tetteh Quarshie, a ratsa Shiashie da Okponglo, sai ka ce wa yaron mota ya sauke ka a babbar ƙofar jami'a. Kimanin kilomita 12 ne daga tsakiyar gari, amma cunkoson safe kan mayar da shi tafiyar awa guda. A tafi ranar aiki, domin ɗakunan na sassan koyarwa ne, da ma'aikatan sashe suke buɗewa. Wanda kuma yake son ganin abin da ke cikin sito, ba na cikin gilashi kawai ba, ya aika takarda tun kafin ya zo, ya faɗi abin da yake nema da dalilinsa.

An kafa wannan makaranta a 1948, ta zama cikakkiyar Jami'ar Gana a 1961. Fararen gine-gine ne masu jan rufi, a jere a kan tudu. Wurare biyu ne suka kawo ni: ɗakin kayan tarihi na Sashen Binciken Kayan Tarihi na ƙarƙashin ƙasa, da kuma Cibiyar Nazarin Afirka, wadda aka kafa a 1961, Kwame Nkrumah ya buɗe ta a hukumance a watan Oktoba na 1963.

Gidan tarihi na ƙasa, kamar wanda aka buɗe a tsakiyar Akra ranar 5 ga Maris, 1957, aikinsa nuna wa jama'a da baƙi abin alfahari. Na jami'a aji ne. Ana tara kaya a cikinsa don ɗalibi ya riƙe da hannunsa, ya auna, ya zana, ya kwatanta da wani, ya yi gardama da malaminsa a kai. Saboda haka za ka ga abin da gidan ƙasa ba zai ɓata gilashi a kansa ba: tsingaro buhu-buhu, kashin maƙera, gutsattsarin ƙashi, fasasshen lofe. Na tarar da ɗalibai a kan wani dogon tebur suna ware tsingaro. Bakin tukunya gefe guda, gindi gefe guda, ciki gefe guda. Wata ɗaliba ta ɗora gutsuren baki a kan takarda mai zanen da'irori, tana matsar da shi har lanƙwasarsa ta dace da ɗaya, ta rubuta faɗin bakin tukunyar da ba ta taɓa gani ba. Da gutsure mai tsawon yatsa ake sanin ko tulu ne ko kasko, da kuma ko da igiya aka yi masa ado ko da totuwar masara. In da totuwa ne, to tukunyar ba ta riga zuwan masara Afirka ba, wato ba ta wuce ƙarni na 16 ba.

Abin da Baba ya kira gumaka su ne mutum-mutumin yumɓu na ƙasar Koma, a arewacin Gana. Farfesa James Anquandah na wannan sashe ne ya fara haƙa a ƙauyen Yikpabongo a 1985, daga baya Benjamin Kankpeyeng ya ci gaba da aikin. Binciken baya-bayan nan ya sa shekarunsu tsakanin ƙarni na 6 da na 14. Akwai masu fuska biyu, akwai mahayi a kan dabbarsa, akwai masu kama da turmi da kai a sama. In ka matsa kusa za ka ga ƙananan ramuka a tsakar ka, a hanci, a kunne. Da aka ɗauki hoton cikinsu da na'urar asibiti a Manchester, sai aka ga ramukan sun nutsa can ciki, abin da ya ƙarfafa ra'ayin cewa ana zuba musu wani ruwa ne. Ba wanda ke bauta musu a Legon. Shaida ce ta mutanen da suka zauna a hanyar fatauci ɗaruruwan shekaru kafin kakanninmu su bi ta da jakuna zuwa Gwanja, kuma ni a ganina Musulmi ba shi da abin tsoro a wajen sanin wanda ya riga shi zama a ƙasa.

Darajar waɗanda ke hannun jami'a tana cikin takardar da ke tare da su. An san tudun da aka haƙo kowanne, da zurfin ramin, da abin da ke kwance kusa da shi, da gawayin da aka auna shekarunsa. 'Yan uwansu da ɓarayi suka tone aka sayar a Turai sun fi su yawa, wasu ma sun fi su kyau, amma bebaye ne, ba sa iya gaya wa kowa komai. Shi ya sa aka sa su cikin jerin kayan Afirka da ake gargaɗin 'yan kasuwa da jami'an kwastan a kansu, kuma dokar Gana ta 1969 ta hana haƙa ko fitar da irin wannan kaya sai da izinin hukumar gidajen tarihi.

Ga yadda ake ba abu suna a kowane gidan tarihi da ya san aikinsa. Ranar da ya shigo ake rubuta shi a babbar rajista mai ɗinki, wadda ba a iya cire mata shafi. Lambarsa kashi uku ce: shekara, rukunin da ya zo a ciki, da matsayinsa a rukunin. Misali 1985.4.17 na nufin abu na 17 a rukuni na 4 da ya shigo a 1985. A gaban lambar sai a rubuta wanda ya kawo, inda ya samo, kyauta ce ko saye ko aro, tsawo da faɗi da nauyi, da duk wani tsagu ko karaya da ya zo da shi. Sannan a rubuta lambar a jikin abin. Ana narka gam ɗin Paraloid B-72, kashi 20 cikin 100, a cikin asiton, ruwan sinadari mai narkar da gam, a shafa ɗan siririn layi a wurin da ido ba ya kaiwa, a bari ya bushe, a rubuta lambar da tawada a kansa, a sake rufewa da wani layin. Gobe in an yi kuskure, auduga da asiton za su ɗauke komai ba tare da tawada ta shiga yumɓu ba. Zane da riga ana ɗinka musu ɗan ƙyallen auduga mai lamba. Takarda kuwa fensir mai laushi kawai. Abin da ke ɓata aiki shi ne takarda mai gam da ake mannawa: zafi kan busar da gam ɗin cikin 'yan shekaru, ta faɗo ƙasan kwali, a wayi gari da tukwane goma da lambobi goma ba a san na wa ne na wa ba.

Daga nan na gangara Cibiyar Nazarin Afirka. A tarin kayanta akwai ma'aunan zinariya na Akan, al'ummar da Asante ke cikinta, waɗanda aka yi amfani da su tun daga wajen 1400 har zuwa ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da garin zinariya shi ne kuɗi. Ƙananan zubin tagulla ne, da yawa ba su wuce kan babban yatsa ba. Na farko-farko masu kusurwa ne da layuka, kuma wani sashe na awonsu ya taso ne daga miskalin Musulmi, kimanin giram 4 da rabi, wanda Wangarawa suka zo da shi daga Jenne zuwa kasuwanni irin su Begho. A Begho ɗin, inda Merrick Posnansky da ɗalibansa na Legon suka yi haƙa a shekarun 1970, har unguwar Musulmi akwai, ana kiranta Kramo. Na baya su ne masu siffa: kada biyu masu ciki ɗaya, tsuntsu mai waiwaye, mutum da garkuwa, kowanne da karin maganarsa.

Maƙeri kan fara da kakin zuma, ya siffanta abin, ya liƙa masa siririyar sandar kaki wadda za ta zama hanyar ƙarfe. Sai ya shafe shi da ruwan yumɓu mai laushi haɗe da garin gawayi, shafi bayan shafi, kowanne ya bushe kafin na gaba, ya rufe da yumɓu mai kauri da aka cuɗa da zaren kwakwar manja. Ya gasa, kakin ya narke ya fita, ya bar gurbinsa. Sannan ya haɗa bakin da ɗan kaskon da ke ɗauke da gutsattsarin tagulla, ya lulluɓe su wuri guda, ya sa a wuta har ƙarfen ya narke a zafin da ya haura digiri 900, ya juya shi a kife, ruwan tagulla ya gangara ya cike gurbin. Dole a fasa yumɓun kafin a ga abin da ya fito, don haka babu biyu iri ɗaya. In yumɓun bai bushe sosai ba, tururi zai huda zubin ya bar shi da ramuka kamar soso. In ƙarfen bai yi zafi ba, sai ya daskare a hanya, ƙafar tsuntsu ta fito guntuwa. Wani lokaci ma ba a amfani da kaki: gyaɗa ko ƙwaro na gaske ake lulluɓewa, wuta ta cinye shi, tagulla ta gaje shi.

Na daɗe a kan guda ɗaya da aka ɗaura wa ɗan zoben waya a wuya, an kuma cusa dalma a wani rami na gindinsa. Gyara ne: zubin ya fito da rashin nauyi, mai shi ya ƙara masa har ya kai awo. Wani kuma za ka ga an goge masa gefe da magagari don ya yi yawa. Wannan shi ne dalilin da ya sa ba a goge irin wannan kaya da man goge ƙarfe, ko lemun tsami da toka kamar yadda ake wa tasoshin amarya. Kowace guga tana rage nauyi, tana share sawun magagari, kuma nauyin nan shi ne abin da ɗalibi ya zo aunawa. Duhun da ke jikin tsohuwar tagulla kariya ce. Wanda ake tsoro shi ne kore mai haske, mai laushi kamar gari, wanda in ka share yau zai dawo bayan mako biyu. Gishiri ne ya shige cikin ƙarfen yake haɗuwa da danshi yana cinsa, kuma a garin da ke bakin teku gishiri a iska yake. Maganinsa na farko a ware abin daga 'yan uwansa, a sa shi a roba mai murfi da ke rufuwa gam, tare da ƙwayoyin silika, irin waɗanda ake samu cikin kwalin sabon takalmi, har danshin ciki ya sauka ƙasa da kashi 40. In ƙwayoyin sun ƙoshi, a gasa su a digiri 120 na 'yan awoyi, su koma aiki. Kuma ba a taɓa ƙarfe da hannu tsirara, gumin yatsa ma gishiri ne.

Danshi shi ne babban abokin gaba a Akra. Ruwan samanta bai kai na Kumasi ba, amma iskar teku kan riƙe danshi sama da kashi 75 cikin 100 a yawancin watanni, alhali funfuna na fara tsiro da zarar an wuce kashi 65 zuwa 70 a ɗakin da iska ba ta motsi. Sai kuma hunturu ya sauko a Disamba da Janairu, iska ta bushe cikin kwana biyu, itacen da ya sha danshi wata tara ya tsuke da sauri ya tsage, fatar ganga ta ja ta yage. Mutane kan ɗauka na'urar sanyaya ɗaki ce magani. In za ta yi aiki dare da rana ba yankewa, to. Amma a kunna da safe a kashe da yamma, ko wuta ta ɗauke irin ta zamanin dumso, sunan da 'yan Gana suka sa wa yawan ɗaukewar wuta, ya fi rashinta illa: ɗaki ya yi sanyi, iska mai ɗumi ta shigo, raɓa ta kwanta a kan gilashi da ƙarfe. Ɗaki mai kaurin bango, da fanka mai juyawa a hankali, da na'urar tsotse danshi guda, da ɗan ma'aunin zafi da danshi da ake karantawa safe da yamma a rubuta a littafi, sun fi amfani. Kanta ta ƙarfe ce, gara ba ta cinta, a ɗaga ta santimita 15 daga ƙasa, a janye ta daga bango. Duk wanda ya ga ambaliyar 3 ga Yuni, 2015 a wannan gari ba zai ajiye kwali a daɓe ba.

Haske kuma ɓarnarsa ba ta gyaruwa. Yadin kente da na adinkra, zanen ruwa da rubutun hannu ba a ba su fiye da luks 50 a ma'aunin haske, wato hasken da ido ke buƙatar ɗan lokaci kafin ya saba da shi. Zanen mai da itace suna ɗaukar 200. Baƙo kan yi ƙorafin ɗaki ya yi duhu, bai san da gangan ba ne. Zane in ya yi wata uku a gilashi, a sauke shi ya huta a sito, a naɗe shi a kan bututu mai kauri da aka lulluɓe da farin ƙyalle, domin ninki yana karya zare a kan layin ninkin.

Ƙwari kuwa da sabon kaya suke shigowa. Duk abin da ya zo daga ƙauye ko daga gidan wani, a keɓe shi tukuna a kan farar takarda. In bayan mako biyu an ga gari mai laushi a ƙarƙashinsa, akwai mai ci a ciki. Ba a fesa masa maganin sauro, man da ke ciki tabo yake bari. A sa shi a leda mai kauri, a matse iskar, a ɗaure, a sa a firiza mai kai digiri 20 ƙasa da sifili na kwana 7 aƙalla. In wuta ta ɗauke a tsakani har ya saki, lissafi ya koma farko. Da an fitar, kada a buɗe ledar sai bayan awa 24, don raɓar ta kwanta a bayan leda maimakon jikin kayan. Ganga mai ɗaurarriyar fata, hauren giwa da itace mai fenti ba sa shiga firiza.

Aikin masu fasahar zamani ya ƙara wa masu adanawa wahala. Makarantar zane da aka ɗauke daga Achimota zuwa Kumasi a 1952, wadda yanzu take cikin KNUST, jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi, ita ta yaye El Anatsui mai ɗinka murafan kwalba da wayar jan ƙarfe, da Ibrahim Mahama ɗan Tamale mai lulluɓe gine-gine da tsofaffin buhunan koko da gawayi. Daga 2015 zuwa 2017 ɗalibanta sun riƙa kawo baje-kolinsu na ƙarshen karatu gidan tarihin kimiyya da fasaha na Akra. Buhun da ya sha gawayi da gumi ba a wanke shi, dattin na cikin aikin. Abin da jami'a za ta iya adanawa a nan shi ne hotuna, awon wuri, da hira da mai aikin tun yana raye: wane sashe za a iya musanyawa in ya ruɓe, wanne ne in ya tafi aikin ya tafi.

Rajistar da na ambata ita ce kuma ke mayar da kaya gida. Gidan tarihi na Fowler, na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, ya bi takardun wasu kaya da ya samu daga tarin Wellcome a 1965, ya gano sun fito ne daga fadar Asante a yaƙinsu da Turawan Ingila na 1874. A Fabrairu 2024 ya mayar da guda 7 ga sarkin Asante, Otumfuo Osei Tutu na II, a fadarsa ta Manhyia da ke Kumasi, mayarwa ta har abada. Guda 32 da suka zo daga gidajen tarihi biyu na Landan a shekarar kuwa aro ne na shekara uku.

Abin da ya fi taɓa ni a Legon takardu ne. A farkon shekarun 1960, Thomas Hodgkin, shugaban cibiyar na farko, da Ivor Wilks, da Alhaji Usmanu Isyaku Boyo wanda shi ne ya san ƙofar gidajen malamai, sun bi garuruwan arewa da zanguna suna neman rubuce-rubucen Larabci da ajami. Tsarinsu shi ne a ari littafi, a ɗauki kwafinsa, a mayar wa mai shi da asalin, a rubuta sunansa da garinsa. Haka aka tara ɗaruruwa. A ciki akwai tarihin Gwanja na ƙarni na 18, akwai kuma ayyukan Alhaji Umaru na Karaci, haifaffen Kano wanda ya zauna a Salaga, ya koma Kete-Krachi, wato Karaci, bayan yaƙin basasar 1892, ya rasu a 1934. Ya yi waƙa da Larabci da Hausa a kan zuwan Nasara, a kan talauci da wadata, a kan annobar murar 1918. Bahaushen da ya zo Akra ya koma bai san akwai wannan a Legon ba, ya yi asara. Kuma bayan shekara sittin, wani asalin da aka mayar gobara ko gara ko rabon gado sun ci shi, kwafin jami'a ne kaɗai ya rage.

Da na faɗa wa Baba sunan Alhaji Umaru bayan sallar isha'i, sai ya gyara zama. Ya ce, "Ai mahaifina ya yi karatu wajen almajirinsa." Ya aiki jikansa ɗaki, aka fito da akwatin ƙarfe irin na 'yan makarantar kwana. A ciki akwai gafaka biyu da kundi guda a cikin baƙar leda. Ledar ce ta fara tayar mini da hankali, domin leda tana kulle danshi, kuma da aka kwance ta warin funfuna ya bugi hanci. Waraƙun sama sun manne da juna, gefensu ya yi toka-toka. Wani ya taɓa gyara yagaggen shafi da salatif, ledarsa ta faɗi, gam ɗin ya ratsa takardar ya bar ta ja kamar an ɗiga mata manja. Na ɗaga waraƙa guda a gaban fitilar waya, sai ga jinjirin wata uku a jere a cikin jikin takardar, alamar takardar Italiya da fatake suka riƙa ratso Sahara da ita a ƙarni na 19.

Jikan ya ce, "Kawu, ba sai mu kai a yi musu laminatin ba? Akwai mai yi a bakin titi." Na ce masa kada ya kuskura. Zafi da gam suna shiga zaren takarda, ba kuma mai iya ɓare ta bayan nan. Tawada iri biyu ce a kundin. Baƙar ta gawayi da ƙaro, wadda aka yi don a wanke daga allo, ɗigon ruwa ɗaya ya ishe ta gudu, saboda haka ko jiƙaƙƙen tsumma ba ya kusantarta. Mai ruwan ƙasa kuma, ta bagaruwa da ƙarfe, ba ta wankuwa amma tana cin takarda a hankali, danshi na ƙara mata sauri. A wasu shafuka cikin harafin mim ya riga ya zube ya bar huda.

Abin da muka yi washegari ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Muka shimfiɗa farin zanen auduga a inuwa, ba a rana ba, muka baza waraƙun ɗaya-ɗaya ba tare da sauya jerinsu ba, fanka na kaɗawa daga nesa. Da suka bushe, muka rufe hanci da takunkumi, muka share funfunar da buroshi mai laushi daga tsakiya zuwa gefe. Waɗanda suka manne ba mu tilasta su ba, muka ware su don mai gyaran takarda. Muka cire ƙusoshin ofis biyu da suka yi tsatsa. Jikan ya rubuta lamba da fensir a kusurwar kowace waraƙa, ya ɗauki hoton gaba da baya da waya a hasken taga, da ɗan ma'aunin santimita a gefe, za a ajiye hotunan a wuri uku, ɗaya a wajen gidan. A wata takarda daban Baba ya faɗa ana rubutawa: wa ya rubuta, wa ya gada daga wa, daga wane gari aka zo da shi Ankara, a wace shekara. Sannan kowane littafi ya koma tsakanin tadarishinsa, aka naɗe shi da farin ƙyalle maimakon leda, akwatin ya hau kan kanta, da sharaɗin a buɗe shi a sha iska sau ɗaya a wata in damina ta kama.

Littattafan malamanmu ba ɗinkakku ba ne, waraƙu ne sake-sake, kuma marubuci kan sa kalmar farkon shafi na gaba a ƙasan wanda ya gama, don in sun watse a iya jera su. Baba ne ya karɓi wannan aikin, da tabarau a kan hanci, yana karanta kalmar ƙasa, jikan na nemo shafin da ya fara da ita. Suka yi ta tafiya lafiya har waraƙa ta 41, inda kalmar ƙasa ba ta dace da komai a kundin ba. Baba ya ce ya tuna an taɓa ara wa wani malami a Sabon Zango wasu waraƙu tun zamanin mulkin soja na Acheampong. Jikan ya sa farar takarda a gurbin, ya rubuta da fensir cewa akwai giɓi a nan, suka ci gaba daga ta 42.